Ciwon Dajin Ƙashi: Abin da Ke Yanke Makomar Majiyyaci

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba dalilan da ke sa wani mai ciwon dajin ƙashi ya rayu, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ciwon ba shi da yawa, domin bai kai kashi 1 cikin 100 na dukkan ire-iren daji ba, kuma ƙarancin nan nasa shi ke sa a makara wajen gane shi.

Irin da ya fi damunmu shi ne wanda likitoci ke kira ostiyosakoma. Yakan kama matasa 'yan shekara 10 zuwa 20, galibi a kusa da gwiwa. Kafin 1970, lokacin da yanke ƙafa kaɗai ne magani, waɗanda ke kai shekara biyar a raye ba su wuce 20 cikin 100 ba, saboda ciwon yakan riga ya aika 'ya'yansa huhu tun ba a ankara ba. Da aka haɗa tiyata da allurai masu kashe ƙwayoyin daji, sai adadin ya tashi zuwa 60 ko 70 a Turai da Amurka, muddin ciwon bai bazu ba. In ya isa huhu kuwa, da ƙyar yake kai 30. Akwai kuma na guringuntsi, mai kama manya, wanda ba ya jin allura, sai wuƙa. Wanda James Ewing ya bayyana a 1921 ba safai ake ganinsa a baƙar fata ba.

To, a nan Katsina yaya abin yake? Yaro ya dawo daga ƙwallo da kumburi a gwiwa, sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin maɗori. Ba mu raina maɗora ba, sun san karaya, amma wannan ba karaya ba ce. Zafin da ke hana barci da dare, da kumburin da ke ƙaruwa mako bayan mako, su ne alamun da ake sakaci da su. Kafin a isa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, an ɓata watanni. Can kuma, da iyaye sun ji maganar yanke ƙafa, wasu sai su ɗauke ɗansu su koma gida, alhali kuwa ƙari ƙarami a kan iya cire shi a bar ƙafar.