GARDAMA A SANYINNA KAN WASANNIN SHATA NA ƘARSHE

A garin Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, akwai wata gardama wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun hira, musamman bayan sallar lisha, sa'ad da manoma suka huta, direbobi suka ajiye motoci, malaman makaranta kuma suka fito shan iska. Gardamar kuwa ita ce, a cikin wasannin da marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina ya yi a shekarunsa na ƙarshe, watau daga wajen 1980 har zuwa rasuwarsa cikin 1999, wanne ne ya fi? Wasu ma sukan ja maganar baya, su ce a fara tabbatarwa tukuna ko Shatan tsufa ya kama ƙafar Shatan ƙuruciya.

Mai karatu yana iya cewa ai wannan ba abin musu ba ne, tun da waƙa ɗaya ce ko yaushe aka rera ta. To, ga Shata ba haka abin yake ba. Shi dai gindin waƙa kawai yake bai wa makaɗansa na kalangu, waɗanda su ne kuma 'yan amshinsa, sa'an nan ya riƙa ɗora ɗiyan waƙa nan take bisa ga abin da idonsa ya gani da abin da ya faɗo masa a rai. Wanda ya shigo fili a lokacin, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya noƙe, duk suna iya samun kansu cikin waƙar. Saboda haka in ya rera waƙa ɗaya a wurare goma, gindinta ne kaɗai zai zama ɗaya, sauran kuwa kowacce da kamanninta. Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa, ita ce babban misali, domin akwai ta kala-kala a hannun jama'a, wata gajera wata doguwa, wata da zafi wata a natse.

An haifi Shata a Musawa cikin 1923, ya kuma fara da tallar goro kafin waƙa ta ɗauke shi. Ya zauna Bakori da Kano da Funtuwa, ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Makka da Ingila da Amurka. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da mata, ya yi wa sojan Nijeriya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata cikin 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta cikin 1988. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.

RUKUNI UKU

In aka natsu aka saurari masu gardamar, za a tarar sun kasu kashi uku.

Rukuni na farko su ne masu cewa wasannin da aka ɗauka a gidajen rediyo da talbijin, irin na Kaduna da Kano da Sakkwato, su suka fi. Galibinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Hujjarsu ita ce a can ne ake jin kowace kalma sarai, ana bambance muryar babban kalangu da ta ƙanana, babu ihun jama'a, babu ƙarar janareta, babu mai katse mawaƙi domin ya yi liƙi. A ganinsu Shata na shekarun ƙarshe mutum ne mai natsuwa, wanda ya rage gaggawa ya ƙara zurfin magana, kuma wanda duk yake son ya auna azancinsa dole ya neme shi inda babu hayaniya.

Rukuni na biyu, waɗanda tsofaffin direbobi da fatake suka fi yawa a ciki, sukan yi wa wannan magana dariya. Su a wurinsu Shatan gidan rediyo kamar zaki ne a keji. Suka ce in ana son a ji shi sosai sai a fili, wurin biki ko naɗin sarauta, inda sanƙira yake yi masa kirari, mata suna guɗa, attajirai suna gasar kyauta, shi kuma yana kallon kowa yana saka masa da abin da ya dace da shi. Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙi tsakanin Sakkwato da Jega da Funtuwa yakan ba da labarin yadda ya ga an tsayar da kiɗa cak domin Shata ya amsa wa wani da ya yi masa maganar banza daga bayan fili, sa'an nan aka ci gaba kamar ba a yi komai ba. A faɗarsa, irin wannan ba ya faruwa a ɗakin ɗaukar murya, kuma shi ne gishirin wasan.

Rukuni na uku su ne masu tsauri. Su ba su yarda ma akwai abin zaɓe a shekarun ƙarshe ba. Sun ce muryar ta yi nauyi, numfashi ya gajarta, rashin lafiya ya fara cin ƙarfinsa, kuma yawancin abin da ya yi a lokacin maimaicin tsofaffin waƙoƙi ne tare da jera sunayen masu kuɗi. Su dai a ba su Shatan zamanin Sardauna da na zamanin Gowon, lokacin da kalangu yake gudu muryar kuma tana tashi kamar an busa kakaki. Sukan kafa misali da waƙar Ummaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, wadda mutanen wannan yanki suke ji da ita ƙwarai domin Gwandu maƙwabciyarsu ce, su ce wanda ya ji ta da muryar ƙarfi ba zai nemi wata ba.

Masu kare tsufan Shata ba su musa cewa muryar ta sauya ba. Abin da suke cewa shi ne da tsohuwar zuma ake magani. Da ƙarfin murya ya ragu sai ya koma dogara ga dabara: ya san inda zai yi shiru ya bar kalangu ya yi magana, ya san inda zai jefa kalma ɗaya ta wadatar. Har ila yau sun ce Bakandamiyar tsufa ta fi ta ƙuruciya ma'ana, domin mutumin da ya yi shekara hamsin a fage, ya ga tashin waɗansu mawaƙa ya ga faɗuwarsu, in ya yi kirari to ya san abin da yake faɗi.

KUNNEN SAKKWATAWA

Akwai kuma wani abu da yake ƙara wa gardamar Sanyinna armashi. Mutanen ƙasar Sakkwato sun tashi ne da kiɗan fada, watau taushin Salihu Jankiɗi da kotson Ibrahim Narambaɗa da na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu cikin 1991. A wannan tsari ana zama a shirya waƙa tun kafin a fita, 'yan amshi su haddace ta, jagora ya fara ɗa su karɓe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari. Kunnen da ya saba da haka yakan nemi tsari da daidaito, yakan kuma ɗauki kuskure a matsayin aibi.

Saboda haka ba a rasa mai cewa, in ana tsakiyar musu, ai duk wahalar banza ake yi, Ɗanƙwairo ko da ya tsufa waƙarsa ba ta taɓa karkacewa ba, domin ƙungiya ce take ɗauke da ita. Masoya Shata kuwa sai su ce ai nan ne bambancin yake. Ɗanƙwairo gini yake yi da tubalin da aka riga aka buga, Shata kuwa a gaban jama'a yake kwaɓa ƙasarsa, don haka dole wata rana ginin ya yi kyau ƙwarai, wata rana ya zo da dama-dama. Wanda ya yarda da haka shi ne zai fahimci dalilin da ya sa ake gardama kan wasannin Shata ɗaya bayan ɗaya, alhali ba a cika yin irinta kan na makaɗan fada ba.

KASET BA KWANAN WATA

To amma akwai matsala wadda take kwance a ƙarƙashin wannan musu duka, kuma ita ce ta kamata ta dami ɗalibai da ma'aikatan al'adu. Mafi yawan wasannin da ake gardama a kansu ba a rubuta ranar da aka yi su ko wurin da aka yi su ba. Mutum biyu sukan shafe sa'a guda suna jayayya kan wata Bakandamiya, daga baya a gane ashe kowa da wadda yake nufi.

Dalilin haka a fili yake. Faifan garmaho na dā ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu a kowane gefe, don haka dole mawaƙi ya taƙaita. Da kaset ya yawaita cikin shekarun 1970 sai dama ta samu a ɗauki wasa mai tsawo, amma shi ma yana da iyaka: mai lamba 60 minti talatin yake ci a gefe ɗaya, mai lamba 90 kuwa minti arba'in da biyar. Kafin mai rikoda ya juya kaset, wani ɗan waƙa ya wuce har abada. Daga nan sai masu sayar da kaset su kwafa daga wannan zuwa wancan, kowane kwafi yana rage tsabtar murya, wani ma ya haɗa wasan Kano da na Funtuwa a kaset ɗaya domin ya cika gefe. Zafi da ƙura kuma suna cin zaren. Da aka koma zuba waƙa a katin waya da tura ta ta WhatsApp da YouTube, sai aka kwashe kurakuran nan gaba ɗaya aka ƙara da sababbi, domin yaron da yake turawa yakan sa wa waƙa sunan da ya ga dama.

Duk da haka masu sauraro na Sanyinna sun ƙirƙiro hanyoyinsu na kintatar shekara, kuma hanyoyi ne masu ma'ana. In aka ji ana maganar fam da sule, to akwai alamar wasan ya riga 1973, shekarar da naira ta fito. In aka ambaci Jihar Katsina, to bayan 1987 ne, domin kafin nan Katsina tana cikin Jihar Kaduna. In sanƙira ya kira shi Dakta, to an wuce 1988. In aka ambaci Jihar Kebbi ko ta Zamfara, to an shiga 1991 ko 1996. Haka nan sukan lura da sarautar da aka kira mutum da ita, da irin motar da aka ce ya bayar. Wannan aikin bincike ne sosai, sai dai a baki yake, kuma duk dattijon da ya kwanta dama yakan tafi da nasa kason.

YADDA WASU SUKA YI

Irin wannan gardama ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. A Amurka an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead, wadda ta yi wasa daga 1965 zuwa 1995, shekarar da jagoranta Jerry Garcia ya mutu. Su ma ba su maimaita wasa iri ɗaya, kuma magoya bayansu har yau suna musu kan ko shekarunsu na ƙarshe sun kai na farko. Bambancin shi ne ƙungiyar ta yarda jama'a su ɗauki wasanninta, har ta keɓe musu wuri a fili tun daga 1984, su kuma suka riƙa rubuta rana da gari da jerin waƙoƙi a jikin kowane kaset. Yau dubban waɗannan wasanni suna ajiye a intanet bisa tsari, har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa wasansu na Jami'ar Cornell na ran 8 ga Mayu, 1977 cikin jerin muryoyin da ƙasa take adanawa. In biyu daga cikinsu suka yi gardama, kowa yana iya nuna ranar da yake magana a kai.

Ba a ce ba a yi wa Shata komai ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana cikin 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan makaɗan Hausa da hanyar nazarin waƙoƙinsu. Cikin 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah. Abin da ya kamata a ɗora a kan wannan shi ne a bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan a gari kaza aka yi shi, a shekara kaza, a bikin wane, ga kuma waɗanda suka riƙe kalangu.

Wannan aiki ne da ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejojin ilimi za su iya farawa ba tare da kuɗi mai yawa ba. Ɗalibi ɗaya da wayarsa da littafin rubutu, in ya zauna da dattijan Sanyinna da Dogon Daji da Jabo da Kebbe, ya kunna musu wasa ya tambaye su abin da suka sani, ya kuma nemi aron tsofaffin kaset ɗin da ke cikin adaka a juye su kafin su lalace, zai tara abin da babu shi a kowane littafi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da gidan Rediyon Rima wurare ne da suka cancanci a kai irin wannan ajiya. Abin da aka yi wa Shata kuma sai a yi wa Ɗanƙwairo da Ɗan'anace da Sani Aliyu Ɗandawo.

Su dai mutanen majalisa ba su da niyyar rufe gardamarsu, kuma ba wanda ya nemi su rufe. In dare ya yi nisa wani yakan ciro waya ya kunna wasan da yake taƙama da shi, kowa ya yi tsit har a kai inda yake so a ji, sa'an nan wani ya ce ai nasa ya fi, a watse a kan gobe zai zo da shi. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da sauran magabata, amin.