Data mai araha da ƙofofin da take rufewa

A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. An yi ta kukan tsada, amma ɓarnar da ta fi damuna ba a cika zancenta ba. Duk sanda data ta yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi kan koma wa ƙunshin nan mai araha da MTN da Airtel da Glo ke sayarwa, wanda ba ya buɗe komai sai irin su WhatsApp da Facebook.

Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ko na Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, zai kwana yana hira da wannan datar, amma ba za ta buɗe masa shafin JAMB ko na makarantarsa ba. Manomin shinkafa a fadamar Rima zai ji jita-jitar farashi a zauren WhatsApp, in ya taɓa mahaɗin jaridar da za ta tabbatar masa, sai shafin ya ƙi buɗewa. Kamar mai fito ne ya ce wannan mashigi kusan kyauta, wancan kuwa sai ka biya ninki. Ba da jimawa ba kowa zai sauka inda shi ya ga dama. Matashin Kebbi da ya ƙirƙiro manhajar cinikin kifi kuwa ya sha kaye tun bai shiga fili ba, don Facebook na cikin rangwamen, tasa ba ta ciki.

Kamfanonin suna da tasu hujjar: gas ɗin janareto ya yi tsada, naira ta faɗi, ana yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, kuma da babu gara ba daɗi. Na yarda. Sai dai Indiya ta saurari irin wannan hujja, ta kuma haramta bambanta farashin data bisa shafi a Fabrairun 2016. Watanni kaɗan bayan nan Airtel ya kawo irin wannan tsarin, wato Free Basics na Facebook, Najeriya, kusan ba wanda ya ɗaga murya.

Ƙa'idojin intanet da NCC ta fitar a 2019 sun hana nuna bambanci tsakanin shafuka, amma sun bar ƙofa ga irin wannan rangwame. Ko hanin kansa bai tsinana komai ba a Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta ce a rufe Twitter: kamfanonin suka toshe shi nan take, har tsawon wata bakwai.