In Kwamfuta Ta Ƙi Mai Ita Bayan Sabuntawa

Mutum ya bar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka da daddare tana sabunta kanta, gari ya waye ya kunna, sai ta ce ba zai saka ko manhaja ɗaya ba sai ya kawo kalmar sirrin admin. Wani ko shiga ba ta bar shi ya yi ba. Wani ya shiga, amma ya tarar da fuskarta fayau, babu takardu, babu hotuna. A Garwa ta arewacin Kamaru, kamar a Marwa da Gaundare, irin wannan a rumfar mai gyara yake ƙarewa, kuma abin da ake fara ji a can shi ne: "Yallaɓai, sai dai a yi mata fomat." Kafin ka ce to, ka sani fomat shafewa ce. Kundin ɗalibi ko lissafin ɗan kasuwa na shekaru na iya tafiya a ciki, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba.

Windows ta kasa masu amfani da ita gida biyu. Akwai admin, wanda ke da ikon saka manhaja, cire ta, da canza tsari. Akwai kuma mai asusun gama-gari, wanda aiki kawai zai yi ya tashi. Na farko mai gida ne, na biyu ɗan haya. Abin da mutane ba sa son ji shi ne, da yawa daga masu kukan sabuntawa ta ƙwace musu iko, tun asali ikon bai taɓa zama a hannunsu ba. Akasarin kwamfutocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, wasu daga Turai ta tashar Duwala, wasu ta iyaka daga Yola ko Mubi. Mai shago ya buɗe asusu da imel ɗinsa ko na yaronsa, ya miƙa maka, ka yi ta aiki lami lafiya har ranar da na'urar ta tambayi wane ne mai ita. Akwai ma waɗanda har yanzu suna cikin rajistar wani kamfani a Faransa ko Jamus ta tsarin Autopilot na Microsoft. Irin waɗannan ko an yi fomat, da sun ji intanet sai su sake neman asusun kamfanin, kuma galibi kamfanin ne zai iya sakin su.

Amma a fara da mai sauƙi, don Kamaru na da wata matsala tata ta daban. Ƙasa ce mai Faransanci da Ingilishi, madannai ma iri biyu ne ke yawo: AZERTY na Faransa da QWERTY da ke shigowa ta Najeriya. Bayan sabuntawa tsarin madannan na iya juyawa ba ka sani ba. A ta koma Q, Z ta koma W, M ta bar wurinta, lambobi kuma a AZERTY sai an danne Shift suke fita. Kana rantsuwa kalmar sirrinka daidai take, kuma gaskiyarka ce, sai dai ba ita kake rubutawa ba. A kusurwar dama ta ƙasa, a allon shiga, akwai alamar harshe. Duba ta kafin ka kira ɗan acaɓa.

Wanda ya tarar da fuska fayau kuwa, galibi kayansa na nan. Windows ce ta kasa buɗe asusunsa ta ajiye shi a na wucin gadi. Haka ya faru da mutane a ƙasashe da dama bayan sabuntawar Fabrairun 2020, aka riƙa samun kayan a jakar Users an canza mata suna. Kada ka ajiye sabon aiki a irin wannan asusu, don yana gogewa da ka fita. Kashe ka kunna sau biyu ko uku, asusunka yakan dawo. Ba kullum ake dacewa ba dai: a Oktoban 2018 sabuntawa ta goge wa wasu takardu da gaske, har Microsoft ta janye ta na wani lokaci.

Abubuwa biyu na ƙara jawo rikicin sabuntawa a arewacin Kamaru. Na farko wuta. Yankin ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwa ya ja baya a bazara ana rabon wuta. Kwamfutar da batirinta ya mutu, aka ɗauke mata wuta tana tsakiyar sabuntawa, ba abin mamaki ba ne ta farka a rikice. Na biyu ƙarancin wuri. Kwamfutoci 500,000 masu suna PB HEV da gwamnatin Kamaru ta sanar a 2016, aka fara raba wa ɗaliban jami'o'i a ƙarshen 2017, ma'ajiyarsu giga 32 ce kacal, kuma babbar sabuntawa na buƙatar sarari. Duk mai ƙaramar ma'ajiya ya rage kaya kafin ya ce mata ta fara.

In sabuntawar ce da laifi, akwai hanyar komawa baya. A allon shiga, danne Shift ka zaɓi sake kunnawa. Shuɗin allo zai fito da zaɓin gyara, a ciki akwai wurin cire sabuntawar ƙarshe. Babbar sabuntawa kwana 10 take ba ka ka janye ta, bayan haka sai Windows ta share tsohon tsarin. Ta nan kuma ake shiga Safe Mode, wanda a na'ura mai Faransanci aka rubuta Mode sans échec. In babu wani asusun admin mai aiki a kwamfutar, a can ɓoyayyen asusun Administrator yake bayyana, da shi za ka mayar wa naka ikonsa.

Mai wuyar ita ce BitLocker. Wannan kulle ne da ke rufe ma'ajiya gaba ɗaya, mabuɗinsa lambobi 48, kuma a Yulin 2024 wata sabuntawa ta sa kwamfutoci da dama suka tashi suna neman sa. Yawanci mabuɗin na ajiye a asusun Microsoft da aka fara buɗe na'urar da shi. In naka ne, shiga ta waya ka karanto shi. In na mai shago ne, neme shi tun bai tashi daga rumfar ba. In ya ɓace, babu gwanin da zai ƙirƙiro shi, Microsoft ma ba za ta iya ba, kuma duk mai gyaran da ya ce zai fasa maka shi kuɗinka yake so. Nan ne lambar waya ke da muhimmanci: mutum ya buɗe asusu da layin MTN ko Orange, ya jefar da layin, lambar tabbatarwa kuma can za a tura ta.

In dole sai an je wurin mai gyara, ka ce masa ya fara kwashe maka kayanka a filas ko wata ma'ajiya, a gabanka, sannan a yi maganar fomat. Ka tafi da rasit. Mai gyaran da ya tambaye ka shaidar mallaka ba raina ka ya yi ba. Dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010 ta haramta kutse cikin na'urar wani, ga kuma kayan sata da ke yawo.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, don haka masu ƙaura zuwa Windows 11 za su ƙaru, ita kuma a sabon zubinta takan kunna kullen ma'ajiya da kanta in an girka ta da asusun Microsoft. Mai karatu, in taka na aiki yau, buɗe ka duba ko a ƙarƙashin sunanka an rubuta admin. Ƙara asusun admin na biyu, ka rubuta kalmar sirrinsa da lambobin nan 48 a takarda ka adana tare da takardun gida. In kuma saye za ka yi, kada ka biya sai mai shago ya goge ta a gabanka, ya haɗa ta da intanet, ka buɗe asusun da imel ɗinka da layin da ke aljihunka.