Ƙananan Ma'aikata Masu Haɗa Mana Magani

Yawancinmu mun ɗauka cewa bakteriya cuta kaɗai suke kawowa. Amma magunguna da dama da ake ba mu a asibiti daga wurinsu suka fito. A shekarar 1943 Albert Schatz da malaminsa Selman Waksman na Amurka suka samo maganin tarin fuka na farko daga wata bakteriya mai zama cikin turɓaya. Haka kuma Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu don makantar rafi, asalinsa bakteriya ce da Satoshi Omura ya samo a Japan.

To, yaya waɗannan ƙananan halittu suke haɗa magani? A cikinsu akwai wasu sinadarai masu aiki da ake kira inzayim. Mu ɗauki eritiromaisin, wanda ake ba mai ciwon ƙirji. Manyan inzayim uku ne suke gina ƙashin bayansa a matakai shida, kamar magina da suka jeru, kowa ya ɗora tubalinsa ya miƙa wa na gaba. A 1990 Peter Leadlay da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka karanto wani sashe na ƙwayoyin gadon da ke tsara wannan jeri.

Daga nan masana suka ga cewa in an canja magini ɗaya, ginin ma zai canja. Suka riƙa cire wani mataki, ko su musanya shi da na wata bakteriya. A 1999 wasu masana a Amurka suka samar da 'yan'uwan eritiromaisin sama da 50 ta wannan hanya. Aikin ba sauƙi gare shi ba. Sau da yawa baƙon inzayim ba ya jituwa da maƙwabtansa, sai jerin ya tsaya cik, ko ya ba da ɗan kaɗan.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin ƙwayoyin cuta suna ta gagarar tsofaffin magunguna. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai hakan ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Saboda haka, kafin sabon magani ya iso, mu kula da wanda muke da shi: kada mu sha ba tare da izinin likita ba, kuma mu sha yadda ya tsara. Ku kuma ɗalibai, ku riƙe darasin kimiyya da kyau, gama wannan aiki yana bukatar ma'aikata.