Sidney Poitier: Mai Wanke Kwanuka Da Ya Ƙi Sayar Da Sunan Ubansa

Iyaye da yawa a cikinmu ba su son jin zancen 'yan wasan silima, gama sun ɗauka aikin shashanci ne. Gaskiya akwai shashanci a ciki. Amma akwai wani baƙar fata da ya shiga wannan sana'a da mutuncinsa, labarinsa kuwa ya isa a karanta wa yara bayan cin tuwon dare. Sunansa Sidney Poitier.

An haife shi ran 20 ga Fabrairu, 1927, a birnin Mayami na Amurka. Iyayensa, Reginald da Evelyn, talakawa ne manoman tumatir daga tsibirin Cat na ƙasar Bahamas. Sun haye teku domin su sayar da amfanin gonarsu, sai haihuwa ta zo tun watanni ba su cika ba. Ba wanda ya sa rai jaririn zai rayu, amma Allah ya raya shi. Ya tashi a tsibirin nan inda babu lantarki. Sai da ya kai wajen shekara 10, da suka koma Nasau babban birnin ƙasar, sa'an nan ya fara ganin silima. Zamansa a makaranta bai wuce shekara biyu ba.

Yana da shekara 15 aka tura shi wurin wansa a Mayami. Can ya gamu da wariyar launin fata irin wadda bai saba da ita ba, sai ya wuce Niyok, ya kama aikin wanke kwanuka a gidajen abinci.

Wata rana ya ga sanarwa a jarida cewa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙaƙen fata tana neman 'yan wasa. Ya je, aka miƙa masa takarda ya karanta. Ya yi ta in-ina, ga shi kuma Turancinsa na mutanen tsibiri ne. Shugaban wurin ya fitar da shi, ya ce ya daina ɓata wa mutane lokaci, ya je ya nemi aikin wanke kwanuka. Maganar ta soke shi ƙwarai, gama bai faɗa wa mutumin aikin da yake yi ba.

A gidan abincin da yake aiki akwai wani dattijo Bayahude mai kai wa baƙi abinci. Da ya lura saurayin yana fama da jarida, sai ya tambaye shi ko yana so su karanta tare. Kowane dare in an tashi aiki sai su zauna, dattijon yana nuna masa yadda ake furta kalmomi, da inda ake tsayawa, da ma'anar abin da aka rubuta. Haka suka yi makonni. Sidney kuma ya sayi rediyo, yana kwaikwayon masu karanta labarai har bakinsa ya gyaru. Ya koma ƙungiyar nan, ya yarda ya riƙa share musu ɗaki a bakin kuɗin koyo.

A 1950 ya fito a fim ɗinsa na farko, No Way Out, a matsayin likita. Duk da haka aiki bai yawaita ba. Ana nan, matarsa na da ciki na biyu, aljihu kuma ba kome, sai aka yi masa tayin dala 750 domin ya fito a matsayin wani mai shara wanda miyagu suka kashe 'yarsa, shi kuwa bai ce uffan ba. Sidney ya karanta labarin, ya ce ba zai yi ba. Dalilinsa shi ne, ubansa ba haka yake ba, shi kuwa ba zai yi aikin da zai kunyata ubansa ba. Ya fita ya jinginar da kayan ɗakinsa, ya ranci dala 75 domin kuɗin asibiti. Wakilin da ya kawo tayin ya yi mamaki har daga baya ya nemi ya zama wakilinsa.

A wancan zamani galibi baƙar fata ba ya fitowa a silima sai a matsayin bara ko wawa. Sidney ya dage a kan fitowa kamar mutum mai daraja. A fim ɗin Lilies of the Field na 1963 ya fito a matsayin ma'aikaci matafiyi wanda ya gina wa waɗansu sistoci ɗakin sujada a hamadar Arizona. Saboda wannan aka ba shi lambar Oscar a 1964, ya zama baƙar fata na farko da ya ci lambar gwanin 'yan wasa maza. A 1965 ya fito a matsayin Saminu Bakurane, wanda ya ɗauki gicciyen Yesu. A 1967 ya yi To Sir, with Love, labarin malami da yara masu taurin kai a Landan. A talabijin kuma ya fito a matsayin Nelson Mandela a 1997. Daga wannan shekara har 2007 shi ne jakadan Bahamas a Japan. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 2022, yana da shekara 94.

Ba mu ce waliyyi ne ba. Aurensa na fari ya mutu a 1965 bayan ya daɗe yana neman wata mace, shi da kansa kuwa bai ɓoye wannan laifi ba. Wanda ya ci gwajin kuɗi ya faɗi a gwajin sha'awa. Wannan ma gargaɗi ne a gare mu.

To, jama'a, me za mu ɗauka? Reginald Poitier bai bar wa ɗansa dukiya ba, ya bar masa hali, halin nan kuwa ya tsare yaron a ranar da ba uba a kusa. Yaranmu za su tafi birni inda idonmu ba ya kaiwa. Abin da suka ga muna yi a gida shi zai bi su. Ku buɗe Karin Magana 22:1 ku karanta tare da su.

Dattijon nan kuma fa? Sidney ya sha faɗa cewa yana baƙin cikin bai sami damar gode masa ba. Ba a biya shi ko kwabo ba, bai kuwa san wanda yake koya wa ba. A kowace ikilisiya akwai saurayi ko uwa da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki amma ba su iya karanta shi, kunya kuma ta hana su faɗa. Kai da ka iya, ka zauna da ɗaya daga cikinsu a makon nan.