Tanadin Kayan Miya Tun da Kaka

Manoman Birnin Kudu da Gwaram, ga kaka ta zo. Yau kuɓewa ta yi yawa a kasuwar Sara har ana neman kai da ita, amma kafin bazara sai ta gagari talaka. Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka.

A tsinki kuɓewa tun tana da taushi, a yanka siriri, a shanya kwana 3 ko 4, sai ta karye ƙaras a hannu. Ganye kuwa, kamar kuka da zogale da rama da karkashi, a inuwa ake shanya shi inda iska ke bi, domin zafin rana yana kashe korensa, ya rage amfaninsa a jiki. Tumatirin fadama shi ma in ya yi araha cikin Fabrairu, a tsaga shi a yi kauɗa. Wanda ya yi haka bai sha wuya sosai ba a 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir.

Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi. A shimfiɗa tabarma bisa rumfa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Ɓera da ya bi ta kan shanya yana iya barin cutar Lassa.

In ya bushe sarai, a zuba a tukunya ko gwangwani mai murfi, a toshe. Duk wata a duba. In an ji danshi a sake shanyawa, kada ya yi fumfuna. Maganin ƙwari kuwa kada ya kusanci kayan miya ko kaɗan.

Allah ya ba mu wucewa lafiya.