Sitikar Ƙara Wa Waya Sabis: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Tun da aka fara aiki da wayar hannu ta GSM a Nijeriya cikin shekarar 2001, ƙarancin sabis ya zama abin kuka ga mazauna ƙauyuka da matafiya. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga wata 'yar sitika mai zanen layuka masu ruwan zinariya, wadda ake liƙawa a bayan waya ko a ƙarƙashin batir, wai don ta jawo sabis daga nesa. Gaskiyar magana ita ce, wannan sitika ba ta ƙara wa waya kome.

Dalili kuwa a fili yake. Waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta hanyar igiyar rediyo, kuma eriyar da ke cikinta ita ce kunnenta da bakinta. Masu ƙera waya sukan auna tsawon eriyar daidai da zangon da za ta yi aiki a kai. A zangon megahaz 900, wanda GSM ke amfani da shi, tsawon igiyar ya kai wajen santimita 33, a zangon 1800 kuwa wajen 17. Eriyar kuma a haɗe take da na'urar rediyon wayar. Ita sitika ba a haɗe take da kome ba, danƙo kurum ke riƙe da ita. Sa'an nan ba ta da batir, ba ta shan wuta. Duk abin da zai ƙara ƙarfin saƙo tilas ya sami wutar da zai ƙara shi da ita, kamar yadda lasifikar masallaci ba ta ɗaga muryar ladan in an ɗauke wuta.

Wani lokaci ma ɓarna take yi. Ƙarfe ko hannun mutum in ya kusanci eriya yakan dagula aikinta. An ga haka a 2010, lokacin da masu iPhone 4 suka tarar sabis yana raguwa in sun riƙe wayar ta gefen hagu daga ƙasa, har kamfanin Apple ya raba musu rigar waya kyauta. Wayar da sabis ya yi mata rauni takan ƙara ƙarfin aikawa, batir kuwa ya ƙare da wuri.

To, me ya sa waɗansu ke rantsuwa cewa sun ga amfaninta? Mai liƙa sitika a ƙarƙashin batir dole ya kashe wayar ya sake kunnawa, wayar kuwa in ta tashi sai ta sake neman ƙarfen da ya fi mata ƙarfi. Ladan na kunnawa ne, sitika ta karɓe yabon. Bayan haka, layukan sabis da ke kan fuskar waya ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba, kowane kamfani da nasa lissafin, kuma sukan hau su sauka ko da wayar tana ajiye. Mai son gwaji na gaskiya ya duba lambar dBm a cikin saitin wayarsa, a wuri guda, kafin liƙawa da bayanta. Wajen -70 sabis ne mai kyau, wajen -110 kuwa ya kusa yankewa.

Akwai na'urar ƙara sabis ta ainihi, mai eriya a kan rufi da waya da akwatin da ake jonawa a wuta. Amma Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a a 2021 da kada su kafa irinta da kansu, domin tana iya toshe sabis ɗin maƙwabta. Kamfanonin da ke da lasisi ne ke da izinin kafawa.

Wanda sabis ya yi wa ƙaranci ya fito fili ko ya matsa kusa da taga, domin kankare da rufin kwano suna tare igiyar. Ya hau tudu in akwai, ya cire rigar waya mai ƙarfe, ya gwada layin wani kamfani wanda ƙarfensa ya fi kusa. In ya kai ƙara ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, sai ya kira NCC a lamba 622, kiran kyauta ne.